Rufin Garwa a Gangare

Ruwan farko na shekarar 1978 ya sauka a Jos ranar wata Talata da la'asar, kuma kamar yadda ya saba, ɗakin Inna Tabawa ya fara leƙawa kafin ya gaida sauran mutanen Gangare. Maimunatu ta ajiye rigar sanyin da take saƙawa, ta jera tukwane biyu da bokiti da tasar wanke-wanke, kowanne a mazauninsa, don ta daɗe da haddace wuraren da rufin yake yoyo. Sai dai bana ya ƙaro wani sabon wuri, daidai kan gadon Inna. Suka kama gadon su biyu suka ja shi jikin bango, Inna tana tari tana cewa ba komai, ai ruwa rahama ne.

Gidan ɗaki biyu ne da zaure. Marigayi Malam Jika, mahaifin Maimunatu, shi ya gina shi lokacin yana hediman a wajen haƙar kuza. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, gidan kuwa sai bin bayansa yake yi a hankali. Bangon ɗakin gaba ya tsage tun bara har ana hango hanya ta ciki, ba mai iya kwana a can. Uwa da 'ya suka tattare a ɗakin baya, suna cin abin da saƙar Maimunatu ta kawo.

Ruwan bai gama ɗaukewa ba aka yi sallama a zaure. Lukuman ne, kafinta a kasuwar Katako, ya jiƙe sharkaf amma bakinsa har kunne. Iyayensa mutanen Ogbomosho ne, shi kuwa a Jos aka haife shi, Hausa a bakinsa ras, sai dai idan ransa ya tashi yakan ce wa mace "kai" ba tare da ya sani ba. Shekara guda ke nan yana neman Maimunatu. Manyansa sun kai gaisuwa wajen Baffa Labaran, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, an karɓa, an ce biki sai bayan ƙaramar Sallah.

Albishir ya zo da shi. Akwai wata ƙungiya ta kafintoci da magina da ake kira Gayyar Lahadi, wadda wani dattijon magini Malam Isa yake jagoranta. Duk Lahadi sukan ajiye neman na kansu su gyara gidan wani mai ƙaramin ƙarfi, ba a biyan kowa ko kwabo. 'Yan kasuwar Katako su ba da guntayen katako da ƙusa da fallen kwano, masu aiki su ba da ƙarfinsu. Lukuman yana cikinsu, kuma ya sa sunan gidan su Maimunatu a lis ɗin bana.

Inna daga cikin ɗaki ta ji komai. Kunyar suruki ta hana ta dogon zance, sai ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka." Lukuman ya ɗauki wannan a matsayin amincewa, ya koma ya gaya wa Malam Isa an yarda. Nan ya yi kuskuren da soyayya takan sa mutum ya yi. Gayya ba a kai wa mutum ita, mai gida ne yake kiranta, kuma mai gidan nan, ko da bai kwana a cikinsa ba shekara goma sha biyar, Baffa Labaran ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Isa ya karanta sunayen gidajen a ƙofar masallacin unguwa don masu aiki su san inda za su. Da ya zo kan nasu ya ce gidan marigayi Malam Jika, tsohuwa da marainiya, ba su da mai tallafa musu. Bai faɗa da mugun nufi ba, haka yake faɗa a kan kowane gida. Amma cikin masu sauraro akwai masinjan ofishin da Baffa Labaran yake babban ma'aikaci. Ranar Litinin da safe masinja ya durƙusa a gaban ogansa, a gaban sauran ma'aikata, ya yi masa jajen halin da iyalin yayansa suke ciki.

Kafin azahar Fijo ɗin Baffa ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shiga. Ya tako cikin taɓo da takalminsa mai sheƙi, ya tsaya a tsakar gida. Bai shiga ɗakin ba. Bai taɓa shiga ba ma tun da ya girma, ɗakin matar wa ne, ko da yake ita ta raine shi. Ya aika aka kira Lukuman daga Katako, ya zo da zarto a hannu.

"Yaya Tabawa, ni na mutu ne?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

Inna ta ce Allah ya kiyaye, Allah ya ƙara masa nisan kwana. Ya ce to idan yana raye, wa ya ce a kira sunan yayansa a bainar jama'a cikin marasa gata? Lukuman ya durƙusa ya ce laifinsa ne, sori, bai yi tunani ba, a yafe masa. Baffa ko kallonsa bai yi ba.

"Ku ji da kyau. Wallahi duk ranar da kafintan nan, ko wani cikin mutanensa, ya buga ƙusa ɗaya a rufin yayana, maganar aure ta tashi. Ni zan gyara gidan nan, da siminti da sabon kwano, ba da tsince-tsincen kasuwa ba."

Ya juya ya tafi. Ni dai ba zan ce Baffa Labaran mugu ne ba, don ba a taɓa yin Sallah bai aiko da shinkafa da turmin atamfa ba. Matsalarsa ɗaya ce: idan ya yi alkawari da bakinsa, sai zuciyarsa ta ɗauka an gama aikin. Shekara shida yana gyara gidan nan a baki, har fenti ya zaɓa.

Aka shiga jira. Afrilu ya wuce, Mayu ya shigo da ruwa kusan kullum, wani lokaci har da ƙanƙara. Malam Isa ya wanke rigarsa ya tafi Daɗin Kowa, unguwar da Baffa yake zaune, ba da haƙuri, ya ce a bari su yi aikin a ce shi Baffa ne ya kira gayyar. Baffa ya ba shi lemo ya sha, ya ce shi ba ya kiran gayya, ɗan kwangila zai turo. Maimunatu ta je sau biyu. Na farko aka ce ya tafi rangadi, na biyu ya ce mata wata mai zuwa, in sha Allah, kuma ta daina yawo cikin ruwa.

Gayyar Lahadi kuwa ta ci gaba da aikinta a unguwar, ta tsallake gidansu. Wata Lahadi aikin ya faɗo a gidan da ke jikin nasu. A Gangare gidaje a manne suke, don haka duk wanda zai hau rufi sai ya ɗaga murya ya sanar, matan maƙwabta su shige ɗaki. Maimunatu tana wanki a tsakar gida ta ji an ce, "Za a hau sama! Mata a kimtsa!" Muryar Lukuman ce. Ta bar wankin ta shige ɗaki ta zauna tsakanin tukwanen tarar ruwa, tana jin bugun gudumarsa a kan rufin wasu. Shi kuma yana can sama, baƙin rufinsu yana gabansa, taku uku ne tsakaninsu, ga ƙusa cike da aljihu, amma ba halin ya miƙa hannu. Ranar ya buge yatsansa sau biyu, mutumin da ko yana koyon aiki bai cika yin haka ba.

Tarin Inna ya koma ƙirji. A asibiti aka ba ta magani aka ce ta guji sanyi da laima. Maimunatu ta kusa yin dariya, don tabarmar ɗakinsu ba ta bushe ba tun watan jiya. Ta saƙa wa Inna rigar sanyi mai kauri, ta riƙa kunna gawayi, amma sanyin Jos idan ya haɗu da jiƙaƙƙen ɗaki ba ya jin wannan. Duk lokacin da ta ɗauko maganar gayya sai Inna ta tare ta.

"'Yar nan, ni na ci zamanina. Damina ce, za ta wuce. Kada ki zubar da aurenki saboda rufi."

Haka take kiranta, 'yar nan, don ita ce ta fari kuma ita kaɗai ta rayu. Maimunatu ba ta iya musu da ita, ba ta iya tilasta Baffa, ba ta iya cewa Lukuman ya rabu da ita. Duk inda ta juya sai ta tarar da wani da take so a tsaye a hanyar. Sai ta koma ta ɗauki saƙa tana yi tana warwarewa, don hawaye ba ya barin ta ga zaren.

Ranar wata Alhamis a farkon Yuni, bayan azahar, aka yi ƙanƙarar da ta fasa gilasan motoci a gari. Tabarmin da aka yi wa ɗakin silin da su sun daɗe suna shan ruwa. Ɗaya ta tsinke ta zubo da duk abin da ta tara a kan Inna tana kwance. Maimunatu ta ɗago ta tana rawar ɗari, leɓɓanta sun canza launi, ko salati ba ta iya haɗawa. Ta canza mata kaya, ta kai ta ɗakin maƙwabciyarsu, ta zauna har ta ga numfashinta ya daidaita. Daga nan ta yafa gyale ta kama hanyar Katako a ƙafa.

Ta same shi a rumfarsa yana goge ƙofa. Bai taɓa ganinta a kasuwa ba, sai ya miƙe da sauri.

"Lukuman, ku zo ranar Lahadi."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya tambaye ta ko Baffa ya sauko ne, ta girgiza kai. Ya ce to bari shi ya zauna a gida, sauran su je. Ta tuna masa rantsuwar ta haɗa da mutanensa. Ya dubi garin katakon da ke ƙasa.

"Maimuna, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

A wata rana da ta yi masa dariya ta ce ita ba namiji ba ce. Yau ba ta ma lura ba.

"Na sani. Ina sonka, Allah ya sani, ban taɓa son wani ba. Amma idan na shiga ɗakinka na bar Inna a kabari, da wane ido zan dube ka? Kai ma da wane ido za ka dube ni?"

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ce tun da haka ne, shi zai fara hawa, kuma shi zai buga ƙusar farko, kada a ɗora wa wani laifin.

Ranar Lahadi mutum goma sha huɗu suka zo da tsani da katako da kwano a kan kura. Robert, wani magini ɗan Bukuru, ya iso bayan an tashi daga coci, ya tuɓe kwat ya kama bangon ɗakin gaba. A al'ada masu gida ne suke ciyar da 'yan gayya, amma matan lungun suka ce Tabawa ba ta da lafiya, su za su yi, suka dafa gwate, faten nan na mutanen Jos, tukunya biyu. Kowa ya ci ban da Lukuman. Aka tsokane shi aka ce ai yanzu ba gidan surukansa ba ne, ya saki jiki. Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya ce ya ƙoshi.

Da suka fara ɓamɓare rufin ɗakin baya sai suka ga ashe ba kwano ba ne. Garewanin kananzir ne aka farke aka baje, aka jera su ɗaya kan ɗaya, aka shafe da kwalta mai kauri. Tsatsa ta cinye su har wasu suna rugujewa a hannu. Malam Isa ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya hannu, ba don haka ba da bai kai shekara biyar ba. Kafin la'asar sabon rufi ya hau, an ɗinke bango, an share tsakar gida.

Saura abu ɗaya. Gayyar Lahadi tana da doka: duk abin da aka cire daga gida, ko lanƙwasasshiyar ƙusa ce, a hannun mai gida ake damƙa shi, don kada gobe a ce sun zo taimako sun yi gaba da kayan mutane. Da Inna ta ji za a kai garewanin Daɗin Kowa sai hankalinta ya tashi fiye da yadda kowa ya zata. Ta aiko a roƙi Malam Isa ya zubar da su a tsohon ramin kuza. Ya ce ta yi haƙuri, doka ce, kuma sun riga sun tsallake mai gida sau ɗaya, ba za su ƙara ba. Lukuman ya ce shi zai kai.

Washegari ya loda su a a-kori-kura ya sauke a ƙofar gidan Baffa. Labari ya riga shi isa. Baffa ya fito ya ce ya ji, kuma shi ba ya magana biyu, gobe za a mayar wa iyayensa kayan gaisuwarsu. Lukuman ya ce ya sani, ya zo ne kawai ya damƙa abin da aka cire. Baffa ya dubi tulin baƙaƙen gwangwanayen, ya sake dubawa.

"Wannan kuma mene ne? Ina kwanon?"

Lukuman ya ce abin da suka tarar ke nan. Baffa ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce yana ɗan shekara goma sha biyu aka yi rufin gidan nan, shi da hannunsa ya riƙa miƙa wa yayansa kwanon, sabo fil, ɗaki biyu duka, irin mai kaurin nan da ba a samunsa yanzu. Ashe gayyar tasu ke nan, su cire na ƙwarai su sayar, su kawo wa mutum shara. Ya ba shi mako guda ya dawo da kwanon, in ba haka ba ya yi bayani a wajen 'yan sanda.

Kafin kwana uku maganar ta zaga Katako. Wasu suka ce ba halin Lukuman ba ne, wasu suka ce ai babban mutum ba zai yi ƙarya ba. Masu ba da katako suka ce a dakata tukuna. Wani da ya ba shi aikin ƙofofi ya aiko aka karɓe. Maimunatu ta je ta gaya wa Baffa tun da ta yi wayo baƙin rufin nan ta sani, ya ce ita yarinya ce, daga ƙasa take kallo, kuma so ya rufe mata ido. Ta dawo ta zauna a busasshen ɗaki. Ruwa yana dukan sabon kwano da ƙarfi, ko ɗigo bai shigo ba, ita kuwa ta rasa mijin, ga shi kuma ta jawo masa sunan ɓarawo. A ranta ta ce da ta san haka ne ƙarshen, da ta goya Inna sun bar garin.

Inna ta fara samun sauƙi, amma ta daina magana. Abinci ma sai an matsa. Rana ta biyar da safe Maimunatu ta same ta zaune a bakin gado tana kuka, abin da ba ta gani ba tun rasuwar mahaifinta. Ta ce akwai alkawarin da ta ɗaukar wa mijinta Malam Jika shekara ashirin da biyu da suka wuce, ta riƙe shi yana raye, ta riƙe shi bayan ransa, ta so ta tafi da shi. Yanzu ga shi idan ta riƙe, yaron mutane zai shiga hannun hukuma a kan alherin da ya yi mata. Ta share ido ta ce a ɗauko mata rigar sanyinta.

Suka shiga bas zuwa Daɗin Kowa. Baffa yana shirin fita ofis ya gan su, ya ruɗe, don Yaya Tabawa ba ta taɓa taka gidansa ba sai da suna ko rasuwa. Ta ƙi shiga falo. Ta zauna a kan dakali kusa da tulin garewanin, ta ɗora hannu a kan ɗaya.

Ta tambaye shi ko ya tuna shekarar da ya ci jarrabawar zuwa makaranta a Zariya. Ya ce ya tuna. Ta ce ya tuna takardar da aka aiko, mai jerin abin da ɗalibi zai zo da shi, akwatin ƙarfe da bargo biyu da fararen kaya da takalmi? A lokacin kamfani ya rage ma'aikata, Malam ya yi wata huɗu ba aiki, bai bari kowa ya sani ba. Sai ya tura Labaran Bauchi ya yi sallama da gwaggonsu, ya ce ya yi kwana goma.

"Kafin ka dawo ya sauke kwanon ɗakina ya sayar. Garewanin nan shi ya bi shaguna ya roƙo su, ni na riƙe masa yana farkewa. Da ka dawo ya ce maka ya shafa kwalta ne don tsatsa. Ya sa na rantse ba zan gaya maka ba, ya ce idan ka sani karatun ba zai zauna maka ba. Allah ya yafe mini, yau na saɓa masa."

Baffa ya sunkuya ya ɗauki falle ɗaya, kwaltar tana ɓarɓashewa a kan farin wandonsa. Can ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar ba da su yake ba.

"Ranar da zan shiga jirgi na miƙa masa hannu, ya ƙi karɓa. Ya ɓoye hannunsa a baya ya ce in tafi kawai. Na ɗauka gajiya ya yi da ni. Yaya, na riƙe wannan a raina har ya mutu."

"Kwalta ce a hannunsa, Labaran. Ta ƙi fita. Kai kuma fararen kaya ne a jikinka."

Babban ma'aikaci, mai Fijo da masinja, ya zauna daɓas a ƙasa a ƙofar gidansa, ya rungume ruɓaɓɓiyar garwa yana kuka kamar yaron da aka bari a tasha. Direbansa ya juya baya. Inna ba ta rarrashe shi ba, ta bar shi ya yi, don kukan ya daɗe yana jiransa.

Ranar bai je ofis ba. Ya mayar da su Gangare da kansa, kuma karo na farko ya cire takalmi ya nemi izini ya shiga ɗakin baya. Ya ga tabon ruwa a bango har tsayin gwiwa, ya ga inda gado ya ruɓe. Daga nan ya wuce Katako. A tsakiyar layin masu katako, inda maganar ta fi yaɗuwa, ya sa aka kira Lukuman da Malam Isa, ya faɗa da ƙarfi cewa ƙazafi ya yi, yaron nan bai ɗauki ko ƙusa ba. Ya miƙa wa Lukuman hannu. Lukuman ya ja nasa baya ya ce akwai datti, fenti yake yi. Baffa ya damƙo hannun da nasa biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Rantsuwar kuwa, ya je wajen malami ya tambaya, ya ciyar da miskinai goma ya warware ta. Lahadin da ta biyo baya aka ga Fijo a bakin wani lungu a Gangare, inda gayya take gyaran gidan wani tsohon makaho. Baffa ya fito da tsohuwar riga ya ce a ba shi aiki. Malam Isa ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi me ya iya. Ya ce miƙa kwano kaɗai, shi ma rabonsa da yi tun yana yaro. Aka tsayar da shi a gindin tsani. Kafin azahar ya yanke a yatsa biyu, Robert yana ta yi masa dariya yana cewa oga a hankali.

An ɗaura auren Maimunatu da Lukuman mako biyu bayan ƙaramar Sallah, a zauren gidan Malam Jika, ana yayyafi, Inna tana zaune a ɗakinta a bushe. Garewanin an zubar da su, ban da falle ɗaya da Baffa ya hana a taɓa.

To, masu karatu, musamman matasa, ku dubi Maimunatu. Ta zaɓi ran mahaifiyarta a kan abin da zuciyarta ta fi so, ta yi haƙuri a lokacin da ba ta ga wata ƙofa ba, Allah ya haɗa mata duka biyun. Ku dubi Lukuman, ku koyi neman izinin manya kafin ku yi alheri a gidansu, amma kada tsoron rashi ya hana ku yin alherin idan rai yana cikin haɗari. Masu hali kuma su dubi Baffa Labaran. Ya ji kunyar a ce an taimaki gidansu, bai ji kunyar ruwan da yake zuba a kan matar da ta raine shi ba. Kafin mutum ya hana a rufa wa wani ɗaki don kare sunansa, ya fara tambaya ɗakin wa aka yaye kafin shi ya samu sunan.